Wa Ya Fara Raba Yara Aji-Aji?

Ranar Juma'a 20 ga Maris 2020 aka rufe makarantu a nan Ingila. Litinin ɗin da ta biyo baya na dawo daga dutin dare wajen ƙarfe takwas da rabi na safe, na cire kayan aiki tun a bakin ƙofa na cusa su a injin wanki, na yi wanka, na sauko. Sai na tarar da yara huɗu sun zagaye teburin cin abinci suna jirana. Babbar tana da shekara 12, mai bi mata 9, sai 'yar shekara 6, sai auta da bai cika huɗu ba. An ba 'ya'yan ma'aikatan lafiya damar ci gaba da zuwa makaranta, amma ni da babansu muka ce a'a, tunda daga gida yake aiki, kuma ba mu san abin da nake kwasowa daga asibiti ba.

Makarantun manyan ukun kowacce ta turo nata jadawalin. Kwamfuta ɗaya ce a gidan ban da ta aikin babansu. Na yi ƙoƙarin in mai da tebur ɗaya ya zama aji uku da gidan raino: wannan na lissafi ƙarfe tara, waccan na haɗa baƙaƙe ƙarfe tara, babbar na tarihi ƙarfe tara, auta kuma yana ƙarƙashin tebur yana cin fensir. A mako na uku na kira Hajiyarmu a Zariya ina kuka. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Yanzu ke yara huɗu ne suka gagare ki? Malam na zauren gidanmu sun fi hamsin a gabansa." Na ce, "Hajiya, ai ajinsu daban-daban ne." Ta ce, "Aji? To wa ya raba su?"

Ita faɗa take mini, ba amsa take nema ba. Ni kuwa tambayar ta maƙale mini, har ta kai ni ga karance-karancen da nake yi da ƙarfe uku na dare idan ɗakin marasa lafiya ya yi tsit. Abin da na samo shi zan ba ku a nan, don na san da yawa cikinku kun taɓa zama a irin wannan teburin, ko kuna tunanin zama.

Ku tuna zauren da aka fara kai ku, in dai kun yi makarantar allo. Ba a tambayi shekarunku ba. Kowa da allonsa, kuma allon shi ke faɗin inda ka kai. Wani yana babbaƙu, wani yana farfaru, wani ya shiga izu na biyu, can gefe wani yana tilawa. Hayaniyar da baƙo zai ji ya ɗauka rikici ne, a cikinta kowane yaro yana kan nasa layin. Malam ba ya tsayawa gaban kowa da kowa ya yi darasi guda. Yaro ke zuwa ya biya, in ya iya a ce ya je ya wanke, a yi masa ƙari. Kuma ba malam kaɗai ke biyawa ba. A tsangaya akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, kuma gardawa su ke rubuta wa ƙanana allo, su biya musu, su tsare su. A makarantun cikin gida yayye mata ke yin wannan aikin. Ni kaina 'yar Malam ce ta koya mini farfaru, lokacin ba ta wuce shekara goma sha uku ba.

Gidan Shehu Usmanu a Ɗegel ma karatu a cikin iyali ake yinsa, maza da mata, manya da yara. A nan Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta tashi. Daga baya, wajen 1840, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jajis, ta ba kowacce malfa, su kuma su tattaro mata daga ƙauyuka, tsofaffi da 'yan mata tare, su zo su ɗauki karatu su koma su koyar. Kaka da jikarta a zama ɗaya, waƙa ɗaya suke haddacewa, kowacce ta ɗauki abin da kanta zai iya ɗauka.

Wannan duk na san shi tun ina gida. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na tarar Turawan Ingila ma sun yi makarantar gardawa, har sun yi taƙama da ita a matsayin sabuwar fasaha.

Wani limamin coci ɗan Scotland, Andrew Bell, aka ba shi kula da gidan marayun 'ya'yan sojoji a Madras ta Indiya a 1789. Malaman da yake da su ba su da yawa, kuma ba sa son koyar da ƙanana. Wata rana ya wuce wata makarantar 'yan ƙasa ya ga yara zaune a ƙasa suna rubuta baƙaƙe da yatsa a kan rairayi. Ya koma ya ce a yi haka, malamansa suka yi biris. Sai ya ɗauko wani yaro ɗan shekara takwas ya ɗora shi kan ajin masu koyon baƙi, kuma abin ya yi. Daga nan ya shimfiɗa tsarin a dukan makarantar, manya na koyar da na ƙasa da su, ya rubuta ɗan littafi a kai a 1797 bayan ya dawo gida.

Shekara guda bayan haka wani saurayi ɗan shekara 20, Joseph Lancaster, ya buɗe makarantar 'ya'yan talakawa a unguwar Southwark da ke Landan, daga baya ya koma titin Borough Road. Ba shi da kuɗin ɗaukar malamai, sai ya yi abin da Malam na zaure yake yi, amma da tsari irin na soja. Ɗaki ɗaya ne ƙato, yara ɗaruruwa, malami ɗaya. Ana kasa yaran rukuni-rukuni, kamar goma-goma, bisa ga abin da suka iya. Kowane rukuni da babban yaro a kansa, sunansa monita. Masu koyon baƙi suna da tebur mai rairayi, na gaba da su suna da allon dutse, a jikin bango kuma an rataye manyan takardun karatu, yara su yi rabin da'ira a gabansu su karanta. Wanda ya iya ya wuce gaba ko da shi ne ƙarami. Lancaster ya ce da wannan tsarin mutum ɗaya zai iya riƙe yara dubu. Sarki George na Uku ya gana da shi a 1805 ya ba shi tallafi. Aka kafa ƙungiyoyi biyu masu gaba da juna, ta mutanen Lancaster a 1808 da ta Cocin Ingila mai bin tsarin Bell a 1811, suka cika ƙasar da irin waɗannan makarantu, har suka kai su ƙetare. Shi Lancaster tsarinsa ya hana dukan yara, amma kar ku yi saurin yaba masa: yaro mai taurin kai sai a sa shi cikin kwando a rataye shi a rufin ɗaki, ko a ɗaura masa gungume a wuya. Bashi ya kore shi daga Ingila, ya yi yawo har Caracas, ya mutu a New York a 1838 bayan keken doki ya take shi.

Monitan da muka sani a firamare, mai rubuta sunayen masu surutu da ɗauko wa malam alli, ragowar wancan ne. Sunan ya tsira, koyarwar ta tafi.

Me ya kashe tsarin? Masu duba makarantu suka fara lura cewa yaran suna iya rera abin da ke jikin bango ba tare da sun gane shi ba, domin monitan da ke koya musu shi ma haka ya karɓa. Iyayen monitoci kuma suka fara ƙorafi: sun kai ɗansu ya yi karatu, an mai da shi malamin kyauta. A 1846 gwamnati, bisa shawarar James Kay-Shuttleworth, ta kawo gyara. Ta ce yaron da zai koyar sai ya kai shekara 13, zai yi shekara biyar yana koyon aikin, za a biya shi fam 10 a shekarar farko har ya kai fam 20 a ta ƙarshe, kuma wajibi ne babban malami ya ware masa sa'a ɗaya da rabi kowace rana ya koyar da shi. Ku riƙe wannan sa'a ɗaya da rabin, zan dawo kanta.

Rabon aji-aji kamar yadda muka san shi ya shigo ne ta ƙofar kuɗi. A 1862 Robert Lowe ya sauya yadda gwamnati ke ba makarantu tallafi. Aka kafa matakai shida. Sufeto zai zo sau ɗaya a shekara ya jarraba kowane yaro a karatu da rubutu da lissafi. Makaranta na samun sule 4 saboda zuwan yaro, da sule 8 in ya ci jarrabawar, ana rage wani abu kan kowane fannin da ya faɗi. Kuma ba a yarda a gabatar da yaro sau biyu a mataki ɗaya ba. To kun ga, daga nan shekara ta zama ma'auni: bana mataki na ɗaya, baɗi na biyu, ko yaro ya nuna ko bai nuna ba. A Amurka sun riga su. Horace Mann ya je ya ga makarantun Prussia a 1843 ya dawo yana yabon yadda suke kasa yara, kuma wajen 1848 aka buɗe makarantar Quincy a Boston mai ɗakuna daban-daban, kowane ɗaki da malaminsa da matakinsa. Duk da haka ƙauyukan Amurka sun ci gaba da makarantar ɗaki ɗaya, malama ɗaya da yara daga ɗan shekara shida zuwa saurayi, har cikin ƙarni na 20. Ingila ta yi dokar 1870 da ta kafa makarantun hukuma, a 1880 kuma aka wajabta zuwa daga shekara 5 zuwa 10. In za ka tara yaran gari duka a gini ɗaya, ka ƙirga su, ka biya kuɗi a kansu, ranar haihuwa ce ta fi sauƙin ƙirgawa.

Mu kuma a shirye ya zo mana. Lokacin da Hanns Vischer, Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aji ya riga ya zama jinin makarantar boko. Da aka zo UPE a 1976 aka buƙaci 'yan shekara shida, alhali yawancin yara ba su da takardar haihuwa. Sai aka koma ga dabarar nan da yayyenmu ke ba mu labari, ni ma an yi mini: ka ɗora hannu ta bisa kai ka taɓo kunnen ɗaya gefen. Ka taɓo, ka isa aji ɗaya. Ba ka taɓo ba, sai baɗi. Wallahi in na tuna sai in ga ta fi ta nan adalci, don ita aƙalla jikin yaron take dubawa.

Ga dalilin da ya sa na faɗi haka. A Ingila shekarar makaranta tana yankewa ne a 31 ga Agusta. Ɗana na biyu an haife shi 29 ga Agusta. Ya shiga makaranta yana da shekara huɗu da 'yan kwanaki, a aji ɗaya da yaran da suka kusa cika biyar. Da naƙuda ta jinkirta kwana uku, da shi ne babba a ajin da ke ƙasa. Tun daga shekarar farko ake kirana ana ce mini yana baya a karatu, har shi ma ya yarda shi daƙiƙi ne. Ni nas ce. A ɗakin yara yawancin magunguna da nauyin yaro muke auna su, sai mun ɗora shi a sikeli kafin mu lissafa, don 'yan shekara tara biyu za su iya bambanta da kilo goma. Amma shekara biyar ina karɓar hukuncin da aka yanke wa ɗana da kalanda, ban taɓa cewa uffan ba.

Duk tsawon wannan tarihin akwai gidajen da ba su taɓa kai yara aji ba. Masu hali a Ingila suna ɗaukar malama ta zauna a gida ta koyar da yaran duka a ɗaki ɗaya. Domin irin waɗannan gidajen Charlotte Mason ta rubuta littafinta kan ilimin gida a 1886, ta buɗe makarantar horar da malaman gida a Ambleside a 1892, tana kuma aika wa iyalai manhaja ta gidan waya, har da iyalan ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan mishan da ke ƙetare. Abin dariya, lokacin da ake jera mu aji-aji, 'ya'yan wasu masu jera mu suna zaune da yayyensu a tebur ɗaya. Dabararta mai sauƙi ce: darasi gajere, a karanta littafi mai daɗi da murya sau ɗaya, sannan yaro ya maimaita abin da ya ji da bakinsa.

Dokar ilimi ta 1944 ta ɗora wa iyaye nauyin ilimin yaro, ko dai ta zuwa makaranta ko ta wata hanyar daban. Wannan 'yar jimlar tana nan har yau a sashe na 7 na dokar 1996. Amma rubutu daban, aiki da shi daban. Wata mata a Norfolk, Joy Baker, ta shafe kusan shekara goma tana shiga kotu tana fita da hukumar ilimi kan ta bar yaranta a gida, ta rubuta labarin a 1964. A 1977 iyaye suka kafa ƙungiyar Education Otherwise, a shekarar ce kuma John Holt ya fara mujallarsa a Amurka, inda sai a 1993 abin ya halatta a duka jihohi 50. 'Yan'uwa da ke Jamus, ku kam an hana. Na Faransa tun 2022 sai da izini. A Scotland sai ƙaramar hukuma ta amince kafin ka cire yaron da ke makarantar gwamnati. A Ingila, lokacin da muka yi namu, wasiƙa muka rubuta wa shugaban makaranta, kuma tun daga ranar komai ya dawo wuyanmu, har da kuɗin jarrabawa.

A Satumba 2020 muka rubuta wasiƙar, su ukun duka. Na rage kwanakin aikina zuwa dare biyu a mako, albashi ya ragu sosai, muka fasa zuwa gida shekara biyu. Na watsar da jadawali huɗu. Da safe bayan karatun Alƙur'ani sai mu zauna wuri ɗaya a karanta abu guda, tarihi ko kimiyya ko labari. Auta ya faɗi abin da ya ji a jimla biyu, mai bi masa ta zana ta yi bayani, yaron ya ba da labarin duka, babbar ta rubuta shafi guda. Lissafi da koyon karatu kuwa kowa da allonsa, kowa da inda ya kai, babansu na ɗaukar lissafi da azahar. Da muka yi zuciya da jijiyoyin jini na sayo zuciyar rago a wurin mahaucin unguwa muka buɗe ta a faranti, kowa ya sa yatsa. Cikin wata takwas yaron da aka ce yana baya ya fara ɓoye littafi ƙarƙashin bargo. Ba wanda yake gwada kansa da shi a teburin, ƙanwarsa ma kallon malami take masa.

Na so a ce nan labarin ya tsaya. Amma duk safiyar da na dawo daga duti na kwanta, wa kuke tsammani ke riƙe teburin? 'Yar farin nan tawa, wadda ko sunanta ba na kira. Ita ke sauraron karatun ƙanwarta, ita ke raba faɗa, ita ke kai auta banɗaki, don babansu na kan waya da ofis. Ni kuma ina yabonta a gaban baƙi, ina cewa ai ita ce gardin gidan. Ban ga komai ba, saboda haka aka yi mini, haka aka yi wa Hajiya. A gidan Bahaushe Yaya ba ta gajiya.

Wata rana a farkon 2022 na ɗauki littafinta na kimiyyar sinadarai don in duba. Shafi goma sha ɗaya ta yi tun Oktoba. Na tambaye ta, ta yi shiru, sannan ta ce, "Umma, yaushe zan yi?" Ba ta ɗaga murya ba. Na zauna a bakin gadonta na rasa abin cewa. Ni da na karanta ƙorafin iyayen monitocin Lancaster, na karanta sa'a ɗaya da rabin da aka wajabta a 1846, har na ja layi a ƙarƙashinta. Kuma ko a tsangaya gardi yana da nasa lokacin da malam, da asuba ko bayan isha, in ƙanana sun kwanta. Na ɗauki rabin tsarin da ke sauƙaƙa mini, na bar rabin da ke biyan ta haƙƙinta.

Muka ba ta zaɓi, ta ce makaranta take so. Tana son ɗakin gwaje-gwaje, tana son ƙawaye, tana kuma son wurin da ba wanda zai kira ta Yaya. Raina ya sosu, ba zan ɓoye muku ba. A Satumba 2022 ta koma aji goma, daidai farkon shekaru biyun GCSE, kuma sai da muka biya mai koya mata sinadarai na wata shida kafin ta cike giɓin da na haƙa mata. Yaron ma da ya kai shekara 13 ya bi ta, da ƙafarsa, ba tare da tsoron kowa ba.

Yanzu biyu suka rage a teburin. Mai bi wa yaron ita ce babba, kuma tana son koyarwa fiye da yayarta. Na sa doka: minti ashirin take sauraron karatun auta, da agogon murhu nake aunawa. In ya yi ƙara ta tashi, ko a tsakiyar shafi ne, kuma duk ranar da ta yi wannan tana da nata zaman da ni ko da babanta, ƙofa a rufe. Ranar da na yi dutin dare ba a karatu sai na tashi.

Makon jiya Hajiya ta kira ta WhatsApp ana cikin minti ashirin ɗin, aka jingina wayar da kwalbar man gyaɗa tana kallo. Agogo ya yi ƙara, yarinyar ta rufe littafi ta miƙe, auta na tsakiyar jimla. Hajiya ta ce, "Ke, ina za ki ba ki gama biya masa ba?" Ta ce, "Hajiya, lokacina ya yi." Hajiya ta yi salati, ta ce a miƙo mata uwar gidan nan. Na karɓi wayar na shiga kicin da ita, auta kuma ya ja littafin gabansa ya ci gaba shi kaɗai, yana bin layin da yatsa.